Jitar bes ta mai ƙaramin ƙarfi: wacce za ta jure ƙauye?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kuna da 'yar ƙungiya a ƙauyenku ta wajen Ringim, mai fiyano ɗaya, masu kalangu biyu da mawaƙi, kuna zagaya bukukuwan aure a garuruwan da ke kewaye, kuma bana da ka sayar da riɗinka ka ware wani abu don sayen jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya. Wani mai shago a Kano ya turo maka hotuna huɗu ta WhatsApp: Yamaha, Ibanez, Squier, da wata da aka rubuta wa Fender, wadda kuma ita ce mafi araha a cikinsu. Kana so in faɗa maka wacce za ka ɗauka.

Bari mu fara sallamar ta huɗun. Kamfanin Fender na Amurka shi ya fito da bes ɗin lantarki da duniya ta karɓa, samfurin Precision a 1951, sannan Jazz a 1960, kuma har gobe yawancin abin da ake ƙerawa kwaikwayon waɗannan biyun ne. Squier kuwa suna ne da Fender ɗin ke sa wa kayansa na masu ƙaramin ƙarfi tun 1982. To idan uwa ta zo ƙasa da 'yarta a farashi, ai ka san da magana. Sabuwar Fender ta gaske, ko mafi arahar cikinsu, ta ninka kuɗin ƙaramar Squier. Wadda aka turo maka jabu ce, tambari kawai aka manna. Irinta sun sha zuwa hannuna gyara, kuma ciwonsu ɗaya ne: katakon wuyan bai gama bushewa ba aka fafe shi, ƙarfen da ke cikin wuyan kuma ko dai ba ya juyawa ko yana juyawa a banza. Jitar da wuyanta ya ƙi gyaruwa ta zama kayan ado na bango. Ka manta da ita.

Sauran ukun duk na gaske ne idan ba a yi musu irin wancan aikin ba, kuma duk ajinsu ɗaya, wato abin da ake sayarwa wajen dala ɗari biyu zuwa ɗari uku a ƙasashen waje, mu kuma a nan farashin yana bin dala duk inda ta nufa. A Indunusiya da Sin ake ƙera kusan dukkansu. Wani lokaci ma masana'anta ɗaya ce ke yi wa sunaye daban-daban aiki, kamar ta Cort, kamfanin Koriya ta Kudu, da ke da babbar masana'anta a Indunusiya tana ƙera wa wasu manyan sunaye kaya, tana kuma sayar da nata da sunanta. Saboda haka tazarar da ke tsakaninsu a wajen inganci ba ta kai yadda masu shago ke zuzutawa ba. Inda suka rabu shi ne wajen jure irin rayuwar da za ka sa su, kuma masu yin bidiyon gwaji a YouTube ba sa taɓa wannan, domin su a ɗaki mai sanyi suke, da wuta mai kyau, da mai gyara a bayan layinsu. Kai kuwa jitarka za ta hau bayan babur, ta sha ƙurar hanya, ta kwana a ɗakin kwano, ta yi aiki da wutar janareta, ta ratsa hunturu ta shiga damina. Da wannan ma'aunin zan auna maka su.

Abu na farko, batir. Jitar bes iri biyu ce, akwai mai batir akwai marar batir. Mai batir tana da ɗan inji a cikinta da ke ƙara wa sauti kauri da ƙarfi, yana cin batir mai bolt 9, wannan mai kusurwa huɗun da masu gyaran rediyo ke sa wa mitarsu. Idan Ibanez ɗin da aka turo maka GSR200 ce, wadda ita ta fi yawa a kasuwa, to mai batir ce. Jita ce mai daɗin riƙo, ba nauyi, wuyanta siriri, yaro mai ƙananan yatsu yana jin daɗinta, kuma ba na kushe ta. Amma ranar da batirin ya yi sanyi sautin zai fara kakkarcewa, daga nan ya ɗauke. Akwai shekarar da muka je wani biki can wajen Gumel da irin wannan jitar, ana tsakiyar wasa bayan isha'i ta mutu. Muka bi masu tireda kaf, kowa sai ya miƙo batirin tocila. Sai da aka taso wani mai gyaran rediyo daga gida ya ciro na cikin mitarsa, ya rufa mana asiri. Tun daga ranar ba na fita ƙauye da mai batir sai da guda biyu a aljihu. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, muddin wayar tana soke a jikin jitar, batirin yana ci ko ba a kaɗa ta, domin soket ɗin shi ne makunnin. Ka bar ta a soke kwana da kwanaki, ka tarar da shi ya ƙare.

Marar batir ba ruwanta da duk wannan. Maganaɗisu ne da naɗin waya, da maɓallan ƙara da rage murya, sai ɗan ƙaramin kafasita guda. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai gyara ta. Yamaha TRBX174 haka take, haka Yamaha BB234 da ta ɗan fi ta kuɗi, haka Squier Affinity, haka Cort Action PJ. A wurina, ga mutumin da ke zaune nesa da birni, wannan kaɗai ya isa ya karkatar da ciniki.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma a nan zan daɗe. Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, wanda makaɗa ke kira fikof, shi ma iri-iri ne. Akwai samfurin J, dogo siriri mai naɗi ɗaya. Akwai samfurin P, wanda za ka ga an raba shi gida biyu, rabi a ƙarƙashin tsirkiyoyi biyu na sama, rabi a ƙarƙashin biyun ƙasa. Fender ya fara raba shi haka a 1957, kuma ba don kwalliya ba. Naɗi ɗaya kamar eriya yake, duk wata hayaniyar lantarki da ke yawo a wurin sai ya kwaso ta. A samfurin P an naɗa rabin nan ta dama, wancan ta hagu, an kuma juya maganaɗisunsu, sai hayaniyar da wannan ya kwaso ta kashe ta wancan, sautin tsirkiya kuma ya wuce lafiya.

Ga dalilin da ya sa abin ya shafe ka fiye da kowa. Wutar ƙasar nan tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, gurnanin da kake ji a sifika ke nan idan waya ba ta da kyau. Tsirkiyar bes mafi kauri, wato E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, idan kuma ka danne ta a gida na uku, wato rata ta uku tsakanin ƙarafan da ke jere a wuyan, ta ba ka G mai kaɗawa sau 49. Ka ga gurnanin wuta a tsakiyar gonarka yake zaune. Mai fiyano zai iya rage ƙasan sautinsa ya tsira, kai kuwa idan ka rage shi ka rage kanka. Ƙaramin janareta ya ƙara dagula lamarin, domin gudunsa yana hawa da sauka da nauyin da aka ɗora masa, ga shi a filin biki ba wanda ke kafa masa ƙarfen ƙasa, wato sandar da ake kafawa a ƙasa don ta sauke wutar da ta zube. Inbata mai araha ta sola ita ma tana da nata zizar. A irin wannan wuri fikof samfurin P shi ne abokin tafiya. TRBX174 da BB234 da Affinity PJ da Cort Action PJ duk suna ɗauke da biyun ne, P a tsakiya, J a kusa da abin da masu garaya ke kira jaki. Idan wuta ta yi kyau ka buɗe duka biyun ka sami sauti mai kaifi. Idan gurnani ya taso ka rufe na J gaba ɗaya ka bar P shi kaɗai, za ka ji wurin ya yi tsit. Squier samfurin Jazz zalla, mai J biyu, ba ta yin shiru sai an buɗe duka biyun daidai wa daida, da ka rage ɗaya gurnani ya dawo. Don haka idan Squier ɗin da ke hoton Jazz ce, ka tambayi mai shagon ko yana da PJ.

Tunda zancen wuta ya zo, akwai abin da ba zan tsallake ba ko da ba ka tambaya ba. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa jita murya, ta cikin waya. Idan amfilifayar tana zubar da wuta kuma babu ƙarfen ƙasa, hannunka na kan tsirkiya leɓenka ya taɓa makirfo, wutar ta jikinka za ta bi. Wannan ya kashe makaɗa a ƙasashe daban-daban. Duk ranar da ka ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsa, ka tsaya, a duba. Kada ka yi wasa ba takalmi a kan ƙasa mai laima, musamman da damina, kuma ku nemi mai aikin wuta ya haɗa muku ƙarfen da za ku riƙa kafawa a ƙasa kusa da janareta.

Sai wuya. Tsirkiyoyi huɗu na bes suna jan wuyan da nauyin da ya kai wajen kilo 75, buhun siminti ɗaya da rabi ke nan, dare da rana. Abin da ke hana shi lanƙwashewa wani dogon ƙarfe ne da aka binne a cikinsa, ana ɗaure shi ko sassauta shi da alanki. Katako kuma yana numfashi. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu takan faɗi ƙasa da kashi 20, da Agusta kuma ta haye sama sosai. Shi ya sa jitar da ka saya lafiya lau da kaka, kafin ƙarshen Janairu sai ka ji bakin ƙarafan da ke jere a wuyan sun fito suna yankar hannu: katakon ne ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Wannan ba lalacewa ba ce, ana goge bakin da ƙaramar zarto sau ɗaya a tsakiyar hunturu a huta. Tsayin tsirkiya ma zai canza, sau biyu a shekara za ka taɓa ƙarfen cikin wuya, shigowar sanyi da faɗuwar ruwa. Kwatan zagaye kawai ake juyawa, a bar ta ta kwana, a sake dubawa. Idan ya yi tauri kada ka tilasta.

A nan ne na fi yarda da Yamaha. A cikin waɗanda suka ratsa hannuna, nata ne suka fi zuwa da aiki mai tsabta daga kwali: ƙarafan wuya a daidaite, kunnuwan ɗaure tsirkiya ba sa sakewa, haɗin waya a ciki ba a yi shi da gaggawa ba. Idan ka jera guda biyar da wuya ka sami ta yarwa. Squier Affinity tana da sautin da kunne ya saba da shi, mai kauri da cika, kuma tana da wata fa'ida da babu mai ita: tunda a kan ƙirar Fender aka yi ta, kayan gyaranta sun fi na kowa samuwa, daga fikof har kunnuwa. Sai dai aikinsu yana hawa da sauka, wata ka ɗauka ka rasa abin kushewa, wata kuma soket ɗinta ya fara girgiɗi tun a shago. Ita sai an zaɓa da hannu. Cort ba ta da sunan da zai sa abokai su yi ta kallo, shi ya sa sau da yawa takan zo da sauƙi fiye da ingancinta, idan ka ci karo da Action PJ kada ka raina ta. TRBX174 tana da gida 24 a wuya, Affinity 20, amma kada wannan ya ruɗe ka, a kiɗan biki da wuya ka wuce na goma sha biyu.

Za ka ji ana ambatar wasu. Harley Benton ta kantin Thomann ce da ke Jamus, tana da araha ƙwarai a can, amma kafin ta iso Kano kuɗin jirgi da na kwastan sun cinye arahar, sai fa idan ta hannu ka samu. Sterling Ray4, 'yar gidan Music Man, sautinta yana ratsa taro kamar wuƙa, amma mai batir ce kuma ba ta da hanyar aiki idan ya mutu. Sire V3 ta fi su duka kayan aiki, batir biyu take ci, tana kuma da makunnin da ke mayar da ita marar batir, sai dai kuɗinta ya haura wannan ajin kuma tana da nauyi a kafaɗa. Idan Allah ya hore nan gaba, ita ce matakin da zan nuna maka.

Mai tsirkiya biyar kuwa, ka bar ta tukuna. Ta biyar ɗin tana sauka har kaɗawa 31 a daƙiƙa, sifikun da ake haya a ƙauye ba sa iya fitar da wannan, sai dai su yi ta fuka. A jita mai araha kuma ita ce tsirkiyar da ta fi yin laɓo-laɓo. Waƙoƙinmu yawanci a kan muryoyi biyar suke tafiya, huɗu sun ishe ka har ka tsufa. Aikinka shi ne ka zauna a ƙarƙashin kalangu ka ba shi ƙasa, ka bar masa maganarsa.

Yanzu abin da nake roƙonka: kada ka tura kuɗi a kan hoto. Cinikin biri a sama ke nan. Daga Ringim zuwa Kano ba wata tafiya ba ce, ka shiga mota ka je shagunan kayan kiɗa na Sabon Gari da kanka, in da hali da wanda ya taɓa riƙe bes. Ni kaina an taɓa aiko mini da wata daga Legas a kan amana, da ta iso na tarar ramin alankin ya cinye, an sa mata sababbin tsirkiyoyi an goge ta tana ƙyalli, maganar mayarwa kuma ta bi ruwa.

Idan ka je, ka sa a ɗaure ta daidai, akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna maka. Ka ɗora gindinta a ƙasa ka leƙa tsawon wuyan daga sama kamar mai duba miƙewar azara. 'Yar lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ce, amma idan ka ga ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ajiye ta, wannan ba ya gyaruwa. Ka danne babbar tsirkiya a gidan farko da hannu ɗaya, ka danne ta a gidan ƙarshe da ɗayan, ka dubi tsakiya wajen gida na bakwai ko takwas: ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin waya. Ka sake ta, a gida na goma sha biyu tsayinta daga ƙarfe ya zama kamar kaurin tsinken ashana ko ya ɗara kaɗan. Sannan ka ce mai shagon ya sa alanki ya ɗan juya ƙarfen wuyan a gabanka, ya mayar. Idan ya ƙi, ka san dalili. Ka bi kowane gida a kowace tsirkiya ɗaya bayan ɗaya kana saurare, inda ka ji zizar ƙarfe ko sauti ya mutu ka lura. Ka jujjuya maɓallan ka ji ko suna ƙarce, ka girgiza wayar a cikin soket. Daga ƙarshe ka rataya ta ka tsaya minti goma, domin a biki awa uku za ka yi da ita a kafaɗa.

Ta hannu ba abin gudu ba ce. Tsohuwar Yamaha, irin RBX170 da TRBX ta gada, wadda ta yi shekaru a Arewa wuyanta bai motsa ba, ta riga ta ci jarrabawar da sabuwa ba ta zauna ba tukuna. Ƙujewar fenti ba ta taɓa sauti. Tsagewa a inda wuya ya haɗu da kai, ko ƙarafan da tsirkiya ta ci har suka yi rami, su ne abin dubawa.

Kada kuma ka zuba kuɗin riɗin nan duka a kan jitar. Ita kaɗai ba ta da murya. Amfilifayar jita ta yau da kullum ba ta ɗaukar bes, sifikarta za ta yage. Ƙaramar amfilifayar bes irin Fender Rumble 25 ta ishe ka koyo a ɗaki, amma a fili gaban kalangu biyu ba za a ji ta ba. Tunda kuna hayar manyan sifiku da miksa, hanya mafi sauƙi ita ce ɗan akwatin nan da ake kira DI, ka soka jitar a cikinsa, shi kuma ya tafi miksa. Ga marar batir ka nemi DI mai cin wuta daga miksa, ya fi fitar da sautinta cikakke, kuma yawancinsu suna da makunnin da ke yanke gurnanin ƙasa. Ka sayi waya mai kyau guda biyu, domin rabin abin da ake ɗora wa jita laifin waya ne. Ka sayi jaka mai kauri da soso, ba ledar da ake bayarwa kyauta ba, saboda babur. Ka ajiye kuɗin tsirkiya saiti ɗaya, mai lambar kauri 45 zuwa 105, don ba a samun ta a kasuwar ƙauye kuma tana da tsada. Gumi da ƙura ne ke kashe ta, ka riƙa goge ta da busasshen tsumma bayan kowane wasa. Idan ta dushe, tsofaffin makaɗa sukan tafasa ta a ruwa minti goma su shanya sosai, takan farfaɗo na ɗan lokaci.

Wajen ajiya, ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba, don zafinsa ba ya hawa da sauka da sauri. Kada ka jingine ta a bango da wuyanta, kada ka bar ta a rana ko a but ɗin mota. Da hunturu ka sami gidan sabulu mai huji, ka sa ɗan soso da ka jiƙa ka matse sosai, ka ajiye a cikin jakar ba tare da ya taɓa jikin jitar ba. Idan fuskar wuyan baƙin katako ne marar fenti, ɗigo biyu na man jarirai sau ɗaya a shekara ya isa, a shafa a goge. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya kama ƙura.

To, cikin ukun da suka rage, da ni ne kai Yamaha zan ɗauka, idan TRBX174 ce kuma ta ci gwajin da na faɗa maka, idan kuɗin ya kai BB234 ma ya fi. Idan ka riƙe Squier PJ ka ji hannunka ya fi sakewa a kanta, wuyanta kuma lafiya, ɗauke ta ba tare da shakka ba, ka sa mai shagon ya ɗaure soket ɗin kafin ka fito. Ibanez sai idan yatsunka gajeru ne har sauran suna ba ka wahala, kuma a ranar ka haɗa da batir huɗu masu kyau. Idan ka isa shagon ka ɗauko mini hoton bayan kan kowacce, inda aka buga lamba da ƙasar da aka ƙera ta, da hoton wuyan daga sama, ka turo kafin ka biya.